Charles Valentine Riley (1843–1895): Masanin da Ya Yaƙi Ƙwaro da Ƙwaro

An haifi Charles Valentine Riley a birnin Landan ranar 18 ga Satumba, 1843. Ya yi karatun ƙuruciya a Faransa da Jamus, inda ya goge a fannin zane. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya kama aikin gona a jihar Illinois, daga bisani ya koma rubutu a jaridar manoma ta Prairie Farmer da ke Chicago.

A shekarar 1868 aka naɗa shi masanin ƙwari na jihar Missouri. Rahotanni tara da ya wallafa a wannan muƙami su suka fito da sunansa. A zamanin, dabarar ɗaukar hoton ƙananan halittu ba ta bunƙasa ba, don haka da hannunsa ya riƙa zana rayuwar kowane ƙwaro, tun daga ƙwai zuwa tsutsa har girma, ta yadda manomi zai gane abokin gabarsa da ido. Yana cikin waɗanda suka ba Faransa shawarar a aura kurangar inabinta a kan saiwar inabin Amurka, wadda ke jure wa ƙwaron filoksera. A 1877 ya shugabanci hukumar da ta binciki farin da suka addabi yammacin Amurka, a 1878 kuma ya zama masanin ƙwari na Ma'aikatar Gona ta ƙasar.

Babban aikinsa ya shafi lemun Kalifoniya. Wani ƙwaro mai tsotse ruwan itace, mai ɗauke da farin kumfa kamar auduga, wanda masana ke kira Icerya purchasi, ya mamaye gonaki har wasu manoma suka fara sare itatuwansu. Magungunan feshi sun gaza. Riley ya yi hasashen cewa asalin ƙwaron daga Ostareliya yake, kuma tun da bai yi ɓarna a can ba, lallai akwai wata halitta da ke cin sa, wadda aka baro a gida. Sai dai doka ta hana ma'aikatansa tafiya ƙetare da kuɗin ma'aikatar. Saboda haka a 1888 ya sa aka tura Albert Koebele cikin tawagar baje kolin Melbourne.

Koebele ya aiko da wani ɗan ƙwaro ja mai ɗigon baƙi da ake kira bedaliya. D. W. Coquillett ya rene su a ƙarƙashin tanti a Los Angeles, sannan aka rarraba wa manoma. Ƙwari 514 kacal aka shigo da su, amma kafin ƙarshen 1889 annobar ta lafa. Lemun da ake fitarwa daga yankin Los Angeles ya tashi daga tarago 700 zuwa 2,000 cikin shekara guda. Nasarar ta haifar da taƙaddama tsakanin Riley da jami'an Kalifoniya kan wanda ya cancanci yabo.

Riley ya ajiye aiki a 1894, bayan ya ba Gidan Tarihi na Ƙasa tarin ƙwarin da ya adana. Ya rasu a Washinton ranar 14 ga Satumba, 1895, sakamakon faɗuwa daga kan keke.

Tunaninsa, wato a nemi maƙiyin baƙon ƙwaro a ƙasarsa ta asali, bai mutu da shi ba. A kansa aka dogara a 1981, lokacin da cibiyar IITA da ke Ibadan ta saki wani ɗan zanzaro daga Kudancin Amurka domin ceton rogon Afirka.