JUSTIN MORRILL: ƊAN MAƘERIN DA YA BUƊE WA 'YA'YAN TALAKAWA ƘOFAR JAMI'A

An haifi Justin Smith Morrill ran 14 ga watan Afrilu na shekarar 1810 a wani ɗan ƙauye da ake kira Strafford, cikin Jihar Vermont ta ƙasar Amurka. Mahaifinsa maƙeri ne. Yaron ya tashi da son karatu ƙwarai, kuma babban gurinsa shi ne ya shiga kwaleji, amma gidansu ba su da halin biyan kuɗin. Saboda haka yana da shekara 15 ya bar makaranta, ya kama aikin yaron kanti a garinsu.

Barin makaranta bai raba shi da littafi ba, duk wanda ya samu sai ya karance shi. Ya yi aikin akawu na ɗan lokaci a birnin Portland, sa'an nan ya komo gida ya haɗa jari da tsohon ubangidansa. Ciniki ya karɓe shi, har ya zama a 1848, yana da shekara 38 kacal, ya tara abin da zai ishe shi, ya bar kasuwanci ya koma noma da lambu. Amma takaicin karatun da ya kuɓuce masa bai bar zuciyarsa ba.

A 1854 mutanen yankinsa suka zaɓe shi wakili a Majalisar Wakilai ta Tarayya, ya kama aiki a 1855. A wannan zamani kwalejojin Amurka yawancinsu na 'ya'yan masu hali ne, kuma abin da aka fi koyarwa shi ne Latin da Girkanci, domin a yaye limaman coci da lauyoyi da likitoci. Manomi da maƙeri da kafinta, waɗanda su ne mafi yawan jama'a, ba su da inda za su kai 'ya'yansu su koyi ilmin sana'arsu mai zurfi. Morrill ya lura kuma cewa gonaki suna ta gajiya saboda rashin sanin dabarun raya ƙasar noma.

A watan Disamba na 1857 ya gabatar da shirin doka, cewa Gwamnatin Tarayya ta ba kowace jiha fili daga filayen da ke hannunta, jihar ta sayar, ta yi amfani da kuɗin wajen tafiyar da kwalejin noma da ƙere-ƙere. Wakilan jihohin kudu suka tashi haiƙan suna suka, suna cewa ilmi sha'anin jihohi ne, babu ruwan Tarayya. Da ƙyar shirin ya tsallake majalisun biyu, amma a 1859 Shugaba James Buchanan ya ƙi sa masa hannu.

Mai haƙuri yakan dafa dutse. Morrill ya jira har aka yi sabon shugaba. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, wakilan kudu suka fice daga majalisa, sai ya sake gabatar da shirin, ya ƙara masa koyar da dabarun soja. Ran 2 ga watan Yuli na 1862, ana tsakiyar yaƙi, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu, shirin ya zama doka.

Dokar ta ba kowace jiha eka 30,000 a kan kowane wakili da take da shi a majalisun biyu. Ba a yarda a ci uwar kuɗin da aka sayar da filin ba, sai dai a ajiye, a riƙa amfani da abin da ya haifar. Dokar ta faɗa a fili cewa manufarta ita ce ilmantar da masu neman abinci da gumin goshinsu, kuma ba ta hana a koyar da sauran fannonin ilmi ba. Daga cikin makarantun da suka ci moriyarta akwai Jami'ar Cornell da Jami'ar Kalifoniya.

A 1867 Morrill ya koma Majalisar Dattijai, inda ya ci gaba da neman ƙarin taimako ga waɗannan kwalejoji. A 1890 ya sami doka ta biyu, wadda ta tanadi kuɗi kowace shekara, bisa sharaɗin jiha ta karɓi ɗalibai ba tare da bambancin launi ba, ko kuwa ta kafa wa baƙar fata tasu kwalejin. Jihohin kudu suka zaɓi na biyun. Ta haka baƙar fata suka sami makarantu, amma wariya ta ci gaba.

Akwai kuma wani gefen tarihin da bai kamata a ɓoye ba. Filayen nan da aka raba, galibinsu ƙasar kabilun Indiyawan Amurka ne, watau 'yan asalin wurin, waɗanda aka raba da ita da ƙarfi ko da yarjejeniyar tilas. Ƙofar da aka buɗe wa ɗan manomi, da asarar waɗannan mutane aka saye ta.

Tasirin dokar ya iso har Nijeriya. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, wadda aka buɗe a 1960, an tsara ta ne bisa wannan tafarki da taimakon Jami'ar Jihar Michigan. Haka kuma Jami'ar Jihar Kansas ta taimaka wajen kafa sassan koyar da aikin gona da likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1960.

Morrill ya rasu a birnin Washington ran 28 ga watan Disamba na 1898, yana da shekara 88, yana kan kujerarsa ta dattijo, bayan ya yi kusan shekara 44 a majalisa. A Strafford aka binne shi, ƙauyen da ya fara aikin kanti.