Dian Fossey: Matar da ta ƙi masu yawon buɗe ido, yau su ke hawa tsauni ziyarar kabarinta

A arewa maso yammacin Ruwanda, cikin gandun dajin tsaunukan Virunga, akwai wata ƙaramar maƙabarta da sai an yi tafiyar sa'o'i a ƙafa cikin taɓo da hazo kafin a isa. A nan aka binne Dian Fossey, kusa da wani goggon biri mai suna Digit.

An haifi Fossey a birnin San Francisco na Amurka ranar 16 ga Janairun 1932. Ta fara aiki ne a wani asibitin yara masu lalura a jihar Kentucky. A 1963 ta ciwo bashi ta zo Afirka, inda ta haɗu da masanin tarihin ɗan'adam Louis Leakey a Tanzaniya. Shi ne ya samo mata tallafin nazarin goggon birin tsauni.

Ta fara aikin a Kwango, amma rikicin 1967 ya tilasta mata tsallakawa Ruwanda. A watan Satumban shekarar ta kafa sansanin Karisoke, a tsayin kusan mita 3,000 tsakanin tsaunukan Karisimbi da Bisoke, wanda daga sunayensu ta haɗa sunan sansanin.

Dabararta ita ce haƙuri. Takan zauna kusa da birran tana kwaikwayon gurnaninsu da yadda suke tauna ganye, har suka saba da ita. Ta haka duniya ta gane cewa dabbar da ake ɗauka muguwa tana rayuwa ne cikin iyali, ƙarƙashin babban namiji mai furfura a gadon baya.

A ranar ƙarshe ta 1977 mafarauta suka kashe Digit, suka yanke kansa da hannuwansa. Daga nan Fossey ta ƙara zafi. Ta kafa asusu da sunansa, ta ɗauki masu sintiri suna lalata tarkuna, tana ƙona kayan mafarauta, tana korar shanun makiyaya daga dajin. Wannan ya jawo mata ƙiyayyar talakawan da ke neman abinci a gefen gandun. Haka kuma ta yi adawa da kawo baƙi kallon birran, don tsoron kada su sa musu cututtukan mutane.

A ƙarshen Disambar 1985 aka tsinci gawarta a ɗakinta na Karisoke, an sare ta da adda. Har yau ana taƙaddama kan wanda ya kashe ta.

Abin da ta ƙi shi ne yau ke riƙe da gandun. Baƙo na biyan dala 1,500 don ya yi sa'a ɗaya da iyalin birran, kuma mutum takwas kaɗai ake bari su ziyarci kowane iyali a rana. Kashi 10 cikin 100 na kuɗin shiga na komawa ga ƙauyukan da ke kewaye. A farkon shekarun 1980 birran Virunga ba su wuce kimanin 250 ba. Ƙidayar da aka bayyana a 2018 ta nuna sun haura 600.

Tsoron da ta yi bai kau ba, domin murar mutum na iya kashe goggon biri. Shi ya sa ake hana mara lafiya hawa, kuma jagorori ke tsare tazara tsakanin baƙi da dabbobin.