Willie Dixon: Makaɗi Kuma Mai Tsara Waƙa

An haifi Willie Dixon ran 1 ga Yuli 1915 a garin Vicksburg, cikin jihar Misisifi ta ƙasar Amurka. A wannan yanki ne kiɗan buluz ya yi ƙarfi a tsakanin baƙar fata jikokin bayi, waɗanda suka riƙa bayyana wahalarsu da begensu a cikinsa. Mahaifiyarsa mace ce mai son magana da amsa-amo, daga wurinta kuwa ya fara tsintar azancin tsara kalmomi.

A shekarar 1936 ya yi ƙaura zuwa birnin Shikago. Da yake ƙato ne ƙaƙƙarfa, sai ya fara da dambe, har ya ci gasar jihar Ilinoi ta sababbin 'yan dambe masu nauyi a 1937. Bai daɗe ba ya bar damben, ya kama kaɗa bas, wato wani babban abin kiɗa mai tsirkiya huɗu da ake tsayarwa a ƙasa, mai kaurin murya. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙi shiga soja, domin a ganinsa bai dace ya yi wa ƙasar da ke wulakanta baƙar fata yaƙi ba. Saboda haka aka ɗaure shi wata goma.

Sunansa ya fito ne a kamfanin faifai na Chess. A nan ya zama makaɗi, kuma mai tsara waƙa, kuma mai shirya ɗaukar murya. Shi ya tsara wa Muddy Waters Hoochie Coochie Man a 1954, ya tsara wa Little Walter My Babe a 1955, ya kuma ba Howlin' Wolf Spoonful a 1960. Gwanintarsa ita ce auna waƙa daidai da murya da halin wanda zai rera ta. Waƙoƙinsa sun haura 500.

Daga 1962 ya shiga cikin shirya rangadin mawaƙan buluz zuwa Turai. Samarin Ingila suka rungumi waƙoƙinsa, har ƙungiyar Rolling Stones ta kai Little Red Rooster matsayi na ɗaya a ƙasar a 1964.

Sai dai kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Waƙoƙin suka yi ta kawo dukiya, amma abin da ke isa hannun mai su kaɗan ne. A 1977 shi da Muddy Waters suka kai kamfanin Arc Music ƙara, aka sasanta, daga baya haƙƙin waƙoƙinsa ya dawo hannunsa. A 1985 kuma ya yi ƙarar ƙungiyar Led Zeppelin, cewa sun ɗebi kalmomin waƙarsa You Need Love sun sa a tasu, aka sasanta a 1987. Wannan gwagwarmaya ce ta sa ya kafa gidauniyar Blues Heaven, don taimaka wa mawaƙa su karɓi haƙƙinsu.

Ciwon sukari ya matsa masa a ƙarshen rayuwarsa, har aka yanke masa ƙafa ɗaya. Duk da haka ya sami lambar Grammy a 1989. Ya rasu ran 29 ga Janairu 1992 a Burbank, cikin jihar Kalifoniya, yana da shekara 76. Bayan rasuwarsa tsohon ginin Chess a Shikago, inda aka ɗauki waƙoƙinsa da dama, ya zama mazaunin gidauniyarsa.