Muhammad al-Kashinawi

Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi (ya rasu a shekarar 1741) malami ne Bafulatani ɗan ƙasar Katsina, wanda ya shahara a ilimin lissafi, taurari da hatimi. Ya yi karatu a wurin malaman ƙasar Hausa da Barno kafin ya tafi aikin hajji. Da ya sauke farali bai komo gida ba, sai ya zaɓi zama a Alƙahira ta Misira, inda ya koyar, ya kuma kammala littafinsa Addurrul Manzum. Ya sauka a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti. A gidan ya rasu, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa.