Al-Kindi, Malamin da Ya Warware Rubutun Asiri

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin Abu Yusufu Ya'aƙubu ɗan Is'haƙa Al-Kindi.

An haife shi a Kufa wajen shekara ta 801 Miladiyya. Mahaifinsa ya yi gwamnan garin, kuma salsalarsu tana tuƙewa ga sahabi Ash'asu ɗan Ƙaisu, na ƙabilar Kinda. Ya koma Bagadaza, inda ya samu shiga wurin Halifa Ma'amun, yana duba fassarar littattafan Yunanawa yana gyara Larabcinsu. Halifa Mu'utasim kuwa ya danƙa masa karatun ɗansa Ahmadu. Ibnu Nadim ya lissafa masa littattafai fiye da 200, a hisabi da likitanci da taurari da falsafa. Malaman Sunna sun yi masa raddi a wasu maganganunsa na falsafa, mu ma ba su muka zo yabawa ba.

Abin da ya tsayar da mu shi ne wata ƴar risala tasa mai suna Risala fi Istikhrajil Mu'amma. A zamanin, mai son ɓoye wasiƙa yakan musanya kowane harafi da wata alama, ya ɗauka babu mai karantawa sai wanda suka yi yarjejeniya da shi. Al-Kindi ya lura cewa haruffan harshe ba su zuwa daidai wa daida. A Larabci alifi da lamu sun fi kowane yawa, zadi da gaini kuwa sai jefi-jefi. Saboda haka sai ka ɗauki shafi guda na rubutu bayyananne, ka ƙidaya haruffansa, ka jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Ka yi wa alamomin wasiƙar irin wannan ƙidaya. Alamar da ta fi fitowa, galibi ita ce alifi da aka canza wa riga. Ya ƙara da lura da haruffan da ba su haɗuwa a kalma ɗaya, da kalmomin da aka saba buɗe wasiƙa da su, kamar Basmala. Ya kuma yi gargaɗi cewa gajeren rubutu yakan ruɗi mai ƙidaya. Duk wanda ya zauna gaban alarammomi, a nan Baleyara ko a ƙasar Kurfai, ya ji yadda suke kiyaye sau nawa kalma ta zo a Alƙur'ani, zai gane wannan tunani ba baƙo ba ne a gidanmu.

Ƙarshen rayuwarsa bai yi daɗi ba. A zamanin Halifa Mutawakkil masu hassada suka kai sukarsa a fada, aka doke shi, aka ƙwace littattafansa, ko da yake an mayar masa daga baya. Ya rasu a Bagadaza wajen 873.

Risalar ta daɗe a ɗakin littattafan Sulaimaniyya na Istambul, sai a 1987 wasu malamai suka buga ta a Dimashƙa. Hanyarsa kuwa tana ci har yau. Asibitoci da bankuna suna ajiye asirin mutane a rumbun bayanai na kwamfuta, kowane bayani a gurbinsa, a kulle. To, idan kalma ɗaya kullum da alama ɗaya ake kulle ta, mai ƙidaya ba ya bukatar mabuɗi. A 2015 masu bincike uku a Amurka suka gwada haka da bayanan asibitoci 200, suka gano tsananin ciwon majiyyata da dama. Shi ya sa masana suke cakuɗa kowane gurbi da lambobi na dabam kafin su kulle shi.

Allah Ya jiƙan Al-Kindi, Ya gafarta masa kurakuransa. Amin.