Nana Asma'u ƴar Shehu, Uwar Ƴan Taru

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ƴan'uwa musulmi, a wannan fitowa mun kawo muku tarihin malama Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙan su. Mu mutanen gaɓar Komadugu mun san abin da ya gudana tsakanin Borno da Sakkwato. Mun san faɗuwar Birnin Gazargamu a 1808, da wasiƙu masu zafi da Shehu Laminu al-Kanemi ya yi musaya da Muhammadu Bello. Wannan sai mu bar wa malaman tarihi. Aikin baiwar Allah nan kuwa, babu musulmin da zai ƙi yaba shi.

An haife ta a Degel a shekara ta 1793. Tagwaye ne ita da Hasan, kuma bisa al'ada Usaina ya kamata a kira ta, amma mahaifinta ya raɗa mata sunan Asma'u ɗiyar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai guzuri lokacin hijirar Manzon Allah (SAW). Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama. Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ɗanɗani yunwa da ƙaura da mutuwar dangi a shekarun yaƙi. Ta auri Gidado ɗan Laima, wanda ya zama wazirin Bello. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin Buzanci.

Gardamar karatun mata ta girme ta. Wajajen 1786, Shehu na wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami ɗan asalin Borno, Mustafa Goni, ya soki yadda mata ke halartar majalisinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa, kuma gundarin amsar shi ne, ɓarnar barin mata cikin jahilci ta fi ɓarnar da ake gudu. Cikin Nurul Albab ma Shehu ya zargi malaman da ke koyar da ɗaliban waje, su bar matansu da ɗiyansu ba su san hukuncin tsarki da salla ba.

Bayan yaƙi, ƙauyuka sun cika da zawarawa da marayu da kuyangi, da yawa daga cikinsu ba su san wata mafaka ba sai bori. Asma'u ta lura cewa matar aure mai goyo da daka da surfe ba za ta iya zuwa Sakkwato ɗaukar karatu ba. Sai ta juya lamarin, ta aika da karatun har cikin gida. Wajajen 1840 tsarin ya kankama. Kowane ƙauye a zaɓi dattijuwa mai amana, a kira ta jaji. Asma'u da kanta take ɗora mata malfa, ta naɗa mata jan ƙyalle a kai. A nan akwai hikima, don malfa ita ce alamar Innar Gobir, shugabar bori. Matan karkara sun saba girmama mai sanye da ita, sai ga ta a kan mai koyar da tauhidi.

Jaji takan taso da ayarinta a ƙafa, tsofaffin da suka gama haihuwa da ƴan matan da ba a aurar ba, su ne ƴan taru. Sukan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu, ita kuma ta raba wa mabuƙata. Littattafan makarantar waƙoƙi ne, domin wadda ba ta san baƙi ba ta iya haddace waƙa tana kaɗi. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani, akwai Godaben Gaskiya, akwai Tawassuli ga Mata Masu Albarka, inda ta ambaci salihan mata tun daga matan Annabi har zuwa na zamaninta. Ta mayar da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta zuwa Hausa, waƙar da ke gargaɗin masu mulki kan zalunci. Ta rubuta Tabshirul Ikhwani kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani. An kuma hori ƴan taru da jinyar marasa lafiya, da wankan gawa, da sharar masallaci, da sasanta ma'aurata. Da wata jaji mai suna Hawwa'u ta rasu, Asma'u ta yi mata marsiyya kamar yadda ta yi wa Sarkin Musulmi Bello.

A nan muke so iyaye su tsaya su yi tunani. Tun harin Boso da Difa na Fabrairun 2015, da sace ƴan matan Dapci a 2018, wasu sun cire ɗiyansu mata daga madarasa da lakwal saboda tsoro, kuma ba mu raina tsoronsu ba. Amma waɗanda suka ƙona makarantu da sunan addini ba su da hujja ko ɗaya daga Shehu ko ɗiyarsa, alhali ita ma cikin zamanin yaƙi da gudun hijira ta yi nata karatun.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta karɓi ragamar ƴan taru, bayan ta kuma sai ɗiyarta Ta Modi. Rubuce-rubucenta da suka iso mana sun kai kimanin sittin, mafi yawansu an adana su a gidan Waziri Junaidu, ɗaya daga cikin zuriyarta, wanda ya rasu a 1997. Allah Ya haskaka kabarinta, amin.