Tarihin Makaɗa Ibrahim Narambaɗa Tubali

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa ɗan Adam harshe, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ga taƙaitaccen tarihin Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, domin malamai da fatake su san darajar abin da ya bari, su kuma kiyaye shi kada ya salwanta.

An haife shi a Tubali, cikin ƙasar Isa ta wancan zamani, a ƙarshen ƙarni na 19. Yanzu garin yana cikin Jihar Zamfara, wadda aka yanke daga Sakkwato a 1996. Masu tarihinsa sun ruwaito cewa ubansa ba makaɗi ba ne, ta wajen uwa kotso ya zo masa. Sun ce wata karya da ya yi kiwo, mai suna Rambaɗa, ita ta jawo masa laƙabin nan da ya danne sunan yanka. Da kiɗan noma ya soma, yana zuga manoma, har muryarsa ta kai fada.

Ku sani, fadar da ya shiga tana da tarihi mai nauyi. Bayan da Alƙalawa ta faɗa hannun jama'ar Shehu Usmanu a 1808, Gobirawa suka watse. Waɗansu suka kafa Tsibiri, daga baya waɗansu suka kafa Sabon Birni, inda Gobirawa ke sarauta. Isa kuwa zuriyar Shehu ke riƙe da ita, su ma da laƙabin Sarkin Gobir. A nan Narambaɗa ya zauna da Sarki Amadu Bawa, ya yi masa mafi yawan waƙoƙinsa. Mai waƙa tsakanin gidaje biyu irin waɗannan dole ya auna kalma kafin ya sake ta, don haka zancensa ya cika da karin magana da habaici, wanda sai mai lura ke gane inda ya dosa.

Wanda ke son ya ji daɗin waƙarsa, sai ya fara riƙe gindinta, wato layin da 'yan amshi ke komawa gare shi. Sa'an nan ya bi ɗiyan da jagora ke ɗorawa, ya ga yadda yake fita da nisa, ya yabi wannan, ya yi wa wancan zambo, kana ya komo kan gindi daidai da bugun kotso, ba gaba ba baya. Ɗiyan nan ba a rubuce suke ba, suna ƙaruwa suna raguwa gwargwadon wuri da mutanen da ke zaune. Waƙarsa ta Dokin Iska Ɗan Filinge, wadda ya yi wa doki, ta nuna zurfin saninsa ga dawaki. Bakandamiya kuwa ta yi ficen da har yau, in ana son a ambaci waƙar da ta fi kowace cikin waƙoƙin wani mawaƙi, sai a ce ita ce bakandamiyarsa.

Wannan hanya ta riƙe gindi a yi ta ɗora sabo a kansa, akwai irinta ga baƙaƙen Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, cikin kiɗansu da ake kira jaz. Babban gwaninsu, Louis Armstrong, mai busa ƙahon Turawa, an haife shi a 1901, ya rasu a 1971, ya kuma zo Kaduna a 1960, ya gana da Sardauna Ahmadu Bello. Tun 1923 aka soma ɗaukar busarsa a faifan garmaho, kuma gidansa na New York ya zama wurin ajiyar faya-fayansa, ana zuwa ana nazari. Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, lokacin da na'urar ɗaukar magana ba ta yawaita a karkara ba. Abin da aka kama na muryarsa shi ne ya bi gidajen rediyo, ya shiga kaset, yau yana cikin wayoyin hannu. Abin da ba a kama ba ya bi shi kabari, sai ɗan abin da tsofaffi suka hardace.

Gaskiya ne malamai sun yi saɓani kan hukuncin kiɗa, kowa da hujjarsa, kuma yabon sarakuna ba ya rasa ƙari. Amma ko wanda ya kauce wa ganga ba zai musa cewa cikin waƙoƙin nan akwai tsohuwar Hausar ƙasar Gobir da Zamfara ba, da sunayen sarakuna da alƙalai da garuruwa, waɗanda samarin yau suka soma mantawa. Saboda haka masana suka duƙufa kansa: Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya wallafa littafi kan rayuwarsa a 2009, aka kuma yi taron nazarinsa a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019.

To, ya ku fatake masu cin kasuwar Shinkafi da Sabon Birni da Maraɗi, wanda ya gaji tsohon kaset a akwatin ubansa, kada ya bar wa zafi da ƙura, ya kai a juye shi. Ku kuma malamai masu alƙalami, ku zauna da dattawan Isa da Tubali tun suna raye, ku rubuta ma'anar kalmomin da suka shige duhu, domin faifai murya kaɗai yake riƙewa, fassara tana bakin tsofaffi.

Allah ya jiƙan Ibrahim Narambaɗa da Sarki Amadu, ya gafarta musu kurakuransu, ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya, amin. Haza wassalam.